Kafin Soja Ya Ƙetare: Horon Da Ake Ba 'Ya'yanmu A Jaji

Daga wakilinmu na Arewa, Kwandare

Duk wanda ya daɗe a Kurmi bai leƙo gida ba, in ya zo Kwandare yau zai yi mamaki. Wannan gari na Gwandara da ke dab da Lafiya, wanda a da ba a san shi da kome ba sai noma, yanzu yana da filin jirgin sama, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Fabrairu na 2022. Ga kuma soja ta ko'ina a Jihar Nasarawa: akwai bataliya ta 177 a Keffi, akwai rundunar soja ta musamman a Doma. Saboda haka samari da yawa a wannan yanki ba su da buri sai na sa kaki.

To, amma in an ce za a kai yaro aikin kiyaye zaman lafiya ƙasar waje, sai ka ga hankalin iyaye ya tashi. Abin da suke tambaya shi ne, wane shiri ake yi masa kafin ya tafi? Wannan shi ne abin da muke so mu bayyana wa masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal waɗanda ke da 'ya'ya ko ƙanne a bariki.

Da farko dai, fita waje ba baƙon abu ba ne ga sojan ƙasar nan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi kakanninmu cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya, suka ƙara horo, sa'an nan suka shiga kurmin Bama suka gwabza da Japan. Mutanen Ikko kullum suna wucewa ta gaban shaidar wannan yaƙi ba su sani ba. Barikin Dodan a Ikoyi, da Myohaung a Yaba, da Arakan a Apapa, da Letmauk a Badun, duk sunayen wurare ne na ƙasar Bama. Bayan samun mulkin kai sojanmu sun je Kwango daga 1960 zuwa 1964, suka je Labanan a 1978, da Laberiya a 1990, da Darfur a 2004, da Mali a 2013, da Gambiya a 2017.

Yau duk ƙungiyar sojan da za ta fita irin wannan aiki, Jaji ake tara ta, a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. A can akwai cibiyar horon kiyaye zaman lafiya wadda aka fara a 2004, kuma a 2017 aka sa mata sunan Janar Martin Luther Agwai, wanda ya shugabanci sojan haɗin gwiwa a Darfur daga 2007 zuwa 2009. Waɗanda ake kaiwa can ba kurata ba ne. Sun riga sun gama Daffo a Zariya, wasunsu ma sun ga yaƙi a Barno. Duk da haka sai sun yi makonni ana sake gyara su.

Tun kafin a fara sai likita ya duba kowa, wanda aka samu da ciwo a mai da shi bataliyarsa. Daga nan aiki ya kankama. Da asuba a tashi a yi gudu da motsa jiki, a yi fareti, sa'an nan a rarraba su. Wasu su nufi filin harbi, wasu su shiga aji, wasu kuma a fita da su rawar daji. Ana koya musu yadda ake kafa shinge a bincika mota, da rakiyar ayarin motocin abinci, da sintiri, da gane nakiyar da aka binne a hanya, da ɗaure rauni kafin a kai ga likita. Yau a yi, gobe a maimaita, har hannu ya saba ba sai an tsaya tunani ba.

Amma darasin da ya fi wuya shi ne na haƙuri. Sojan da ya saba in ya ga maƙiyi ya buɗe wuta, yanzu an ce masa ya sa hula mai launin shuɗi ya tsaya tsakanin masu faɗa. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da sharuɗɗa uku: sai da yardar masu rikicin za a shiga, ba a goyon bayan kowa, kuma ba a yin amfani da ƙarfi sai don kare kai ko kare aikin da aka zo yi. Haka kuma ana ja musu kunne ƙwarai game da matan ƙasar da za su, domin wanda aka kama da lalata, koro shi gida ake yi da abin kunya.

Kada wani ya ɗauka wannan aiki yawon buɗe ido ne. A watan Satumba na 2007 'yan tawaye suka auka wa sansanin Haskanita a Darfur, sojan Nijeriya bakwai suka rasu. A watan Janairu na 2013 kuma aka yi wa waɗanda ke shirin tafiya Mali kwanton ɓauna kusa da Okene, aka kashe biyu tun ba su bar ƙasa ba. In ta ɓaci haka, abin da soja ya koya a fili shi ne guzurinsa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke raba zumunci. Daga 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da dala 1,448 a wata a kan kowane soja, amma gwamnatin ƙasarsa take ba, ita kuma gwamnati ta yanka masa alawus. Ba mu manta ba da abin da ya faru a Akure a 2008, inda sojan da suka komo daga Laberiya suka tare hanya saboda haƙƙinsu. A 2009 kotun soja ta yanke wa 27 ɗaurin rai da rai, daga baya aka sassauta. Ya kamata hukuma ta riƙa faɗa wa kowane soja abin da zai samu tun yana Jaji, ta kuma biya shi a kan kari.

Mu kuma dangi akwai namu. Kafin yaro ya tashi, a tabbata sunan magajin da ya rubuta a takardar aiki daidai ne, a kuma san abin da ya bar wa iyalinsa. A riƙa leƙa matarsa da 'ya'yansa a bariki, kuma a daina yi masa lissafin dala tun bai hau jirgi ba.

Allah Ya kai su lafiya, Ya komo mana da su lafiya, amin.