Shokozobar Lantarki: Aikinta, Ɗaura Ta a Gida, da Gano Cutarta

Mai karatu zai iya yin mamakin abin da ya kai malamin ilmin halittu ga yin rubutu a kan ƙarafan ƙarƙashin mota. Dalilin ba shi da nisa. Duk shekara idan na zo koyar da aikin tsoka da gaɓoɓi, nakan sa ɗalibi ya hau gajeren benci ya diro ƙasa sau biyu. Da farko sai ya sandarar da gwiwoyinsa, a karo na biyu kuma ya bar su su lanƙwashe. A dirowar farko yakan ji girgizar har cikin haƙoransa, a ta biyu kuwa da ƙyar ake jin ƙarar saukarsa. Nauyin yaron bai canza ba, tsawon bencin ma yana nan yadda yake. Abin da ya canza shi ne yadda tsokokin cinya suka karɓi faɗuwar suka shanye ta a hankali. Ƙwaƙwalwa ce ke gaya wa tsoka ta yi tauri ko ta sassauta, gwargwadon inda mutum zai taka. Shokozobar lantarki yunƙuri ne na ba mota irin wannan baiwa.

Sifirin da Shokozoba

Mutane da yawa suna zaton shokozoba ce ke ɗauke da nauyin mota. Ba haka ba ne, wannan aikin sifirin ne. Tun a 1678 Robert Hooke na ƙasar Ingila ya bayyana cewa gwargwadon nauyin da aka ɗora wa sifirin, gwargwadon matsuwarsa. To amma sifirin yana da hali guda mai wahalarwa: duk ƙarfin da aka danna masa sai ya mayar da shi. Idan da sifirin kaɗai mota ta dogara, rami ɗaya ya isa ya sa ta riƙa lilo sama da ƙasa har nesa da wurin.

Shokozoba ita ce ke kashe wannan lilo. Bututun ƙarfe ce cike da mai, a ciki akwai fistin mai ƙananan ƙofofi. Duk lokacin da taya ta hau ko ta sauka, sai fistin ya tilasta wa man ya bi ta waɗannan ƙofofi. Wanda ya taɓa tura ruwa ta sirinji mai siririyar allura ya san yadda hannu ke jin turjiya. Wannan turjiya ce ke mayar da ƙarfin lilo ya zama zafi, shi ya sa idan aka taɓa shokozoba bayan tafiya a kan gargada za a ji ta da ɗumi.

A nan ne matsalar take. Idan ƙofofin sun yi faɗi, mota za ta yi laushin shiga, amma za ta riƙa kishingiɗa a kwana, ta kuma sunkuya idan an taka burki. Idan sun yi ƙunci, za ta tsaya daram a kwana, amma kowace tsakuwa sai fasinja ya ji ta a ƙashin bayansa. Jikin ɗan Adam kuwa yana da zaɓi a wannan al'amari. Mutumin da ke zaune ya fi jin wahalar girgizar sama da ƙasa idan tana maimaituwa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa ɗaya. Lilo mai nauyi kuma, kamar sau ɗaya a cikin daƙiƙa 5, shi ne ke rikita sashen cikin kunne da ke lura da daidaiton jiki, har mutum ya ji tashin zuciya. Don haka masu ƙera motocin hawa sukan daidaita lilon gangar jikin mota a tsakanin waɗannan biyu, wato wajen sau 1 zuwa 1.5 a daƙiƙa. Bayan jin daɗi akwai abin da ya fi shi muhimmanci. Tayar da ke tsalle a iska ba ta jin burki, ba ta kuma jin sitiyari. Mataccen shokozoba yana ƙara nisan da mota za ta yi kafin ta tsaya.

Inda Lantarki ya Shigo

A 1983 kamfanin Toyota ya fito da tsarin da ya kira TEMS a motarsa Soarer, inda lantarki ke canza taurin shokozoba mota tana cikin tafiya. Akwai kuma wata hanya ta daban wadda ta samo asali daga binciken Jacob Rabinow a Amurka a wajen 1948: a zuba garin ƙarfe mai laushin gaske a cikin mai, ta yadda idan maganaɗisu ya kusanto shi sai man ya yi kauri nan take. Wannan dabara ta shiga kasuwa da sunan MagneRide a motar Cadillac Seville a 2002. A gasar tseren motoci ta Formula 1 an wuce nan, domin motar Williams da ta ci gasar 1992 tana ɗaga ƙafafunta da sauke su da kanta, har aka haramta irin wannan tsari daga 1994.

Wanda mutum zai saya daban ya ɗaura wa motarsa bai kai waɗannan wuyar sha'ani ba. Misalin da aka fi sani shi ne EDFC na kamfanin TEIN na ƙasar Japan. A saman kowace shokozoba akwai ɗan sanda da ake murɗawa da hannu don a faɗaɗa ƙofar mai ko a ƙuntata ta. Sai aka cire hannun mutum aka sa ɗan ƙaramin injin lantarki a wurin, wanda ke juyawa taki-taki, kowane taki da awonsa. Za mu kira shi injin taki. Wayoyi huɗu sun taso daga injunan nan zuwa akwatin sarrafawa, direba kuma yana da maɓalli a gabansa. Sababbin samfura suna da na'urar jin motsi wadda ke gane burki da kwana ta canza taurin da kanta. A wurin malamin halittu wannan hoto sananne ne: na'urar jin motsi ita ce kunnen ciki, wayoyi su ne jijiyoyin saƙo, akwati shi ne ƙwaƙwalwa, injin taki kuma tsoka.

Ɗaurawa

Kafin a kwance noti ko ɗaya, a tabbata kayan an yi su ne don wannan samfurin mota. Haka nan idan motar ta zo daga kamfani da nata tsarin lantarki na shokozoba, cire shi yakan sa kwamfutar mota ta kunna fitilar gargaɗi.

Abubuwa biyu ne ke kashe mutane a wannan aiki, kuma ina roƙon malamai su nanata wa ɗalibai. Na farko shi ne shiga ƙarƙashin motar da jek kaɗai ke riƙe da ita. Jek na ɗagawa ne kawai. Bayan an ɗaga sai a tokare motar da ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka, a kan daɓe mai ƙarfi, a kuma sa waigi a tayoyin da ke ƙasa. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yakan ruguje ba tare da ya yi sallama ba. Na biyu shi ne sifirin. A motoci da yawa sifirin na gaba yana matse ne a jikin shokozoba da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Wanda ya kwance notin sama ba tare da ya fara kama sifirin da na'urar matse shi ba, to ya saki abin da zai iya fasa masa fuska. Wanda ba shi da wannan na'ura ya kai wa bakanike wannan sashe na aikin, babu abin kunya a ciki.

Sauran aikin haƙuri yake so. A cire kan batir na baƙar waya tukuna. A yi ƙafa ɗaya a gama kafin a taɓa ɗaya, don ta zama abin dubawa idan an manta yadda wani abu ya zauna. Kowane noti yana da awon ɗaurinsa a littafin mota, kuma da sifana mai awo ake cika shi. Notin da ya ratsa ta cikin roba ba a ƙarasa ɗaure shi sai nauyin mota ya sauka a kan tayoyi, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

Wajen jan waya, a nisanta ta da salansa da duk wani abu mai juyawa. Inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. A ƙafafun gaba a bar mata ɗan sako-sako, sa'an nan a murɗa sitiyari iyaka dama da iyaka hagu a ga ko tana ɗamewa. Wutar da za ta shiga akwati a ɗauko ta daga layin da ke mutuwa idan an zare makulli, kuma lalle ta bi ta fis. Na'urar jin motsi a kafa ta sosai yadda takardar kayan ta nuna, a kuma yi mata saitin farko mota tana tsaye a wuri miƙaƙƙe. Idan aka yi saitin a kan gangare, to gangaren za ta ɗauka a matsayin daidai. Daga ƙarshe a kai motar a yi mata alaimen, domin canza shokozoba yakan karkatar da zaman taya.

Gano Cuta

Wani abokin aikina ya taɓa ɗaura irin waɗannan kaya a ƙofar gidansa, ni kuma ina riƙe masa fitila. Muka gama, komai ya yi aiki. Bayan kwana biyu akwatin ya fara mutuwa yana farfaɗowa duk lokacin da aka shiga rami. Ya yanke hukunci cewa an sayar masa da jabu, har ya fara lissafin asararsa. Da muka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, sai muka tarar baƙar wayar da ke mayar da lantarki jikin mota an ɗaure ta ne a kan fenti. Fenti kuwa ba ya barin lantarki ya wuce. Muka kankare wurin har ƙarfe ya fito fili, muka sake ɗaurewa, cutar ta tafi. Ni ne na ɗaure wayar nan tun farko.

Saboda haka a fara da abu mai arha. Idan akwati bai kawo wuta ba sam, a duba fis, sa'an nan baƙar waya, sa'an nan batir. Lafiyayyen batir yakan nuna wajen bolt 12.6 a mita idan inji yana kashe, ya kuma hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5 idan inji yana aiki.

Idan kuwa ƙafa ɗaya ce ta ƙi amsawa, to a yi abin da muke yi a ɗakin gwaje-gwaje, wato a canza abu ɗaya kaɗai a kowane gwaji. Mu ɗauka ƙafar dama ta gaba ce. A je bakin akwati a musanya wayar dama da ta hagu. Idan dama ta farfaɗo hagu ta mutu, laifin yana cikin akwati. Idan dama ta ci gaba da shiru, laifin yana ga wayarta ko injinta. Don a rarrabe waɗannan biyu sai a ciro lafiyayyen injin taki na hagu a jona shi a bakin wayar dama. In ya juya, waya lafiya take, inji ne ya mutu. In bai juya ba, waya ta tsinke a wani wuri, kuma galibi wurin da take lanƙwasawa idan an murɗa sitiyari ne.

Akwai wata cuta mai ɓoyewa wadda na fi jin tsoro. Yawancin injunan taki ba sa sanar da akwati inda suke, ƙidaya kawai akwatin ke yi. Yakan fara da murɗa sanda har ƙarshe, sa'an nan ya riƙa lissafin takin da ya komo. Idan ƙura ko tsatsa ta sa sandan ya yi tauri, inji zai yi ƙara amma ya kasa juya shi, akwati kuwa ya ci gaba da ƙidayarsa. Sai allo ya nuna ƙafafu duka suna mataki ɗaya alhali wata ta fi wata tauri, motar ta riƙa karkata a burki. Mai karatu da ya san ciwon da ke kashe jijiyoyin ji a ƙafa zai gane kamannin: ƙwaƙwalwa tana ba da umarni amma labari ba ya dawo mata. Maganin shi ne a cire injin a murɗa sandan da hannu. Idan yana da tauri a share shi a shafa masa irin man da takardar kayan ta ambata, a mayar, a sake saitin farko. A ƙasarmu da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, hular robar da ke rufe injin taki ba ado ba ce, kuma ya kamata a riƙa duba ta kafin damina.

Ba kowace ƙara ce ta lantarki ba. Ƙwanƙwasa a kan gargada yawanci sakakken noti ne ko robar da ta cinye. Idan mai yana tsiyaya a jikin bututu, shokozobar ce ta mutu, kuma babu maɓallin da zai raya ta. A canza ta tare da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen.

A ra'ayina, kafin mutum ya kashe kuɗinsa ya dubi hanyar da yake bi kullum. Da yawa daga cikin waɗannan kaya an yi su ne don masu son tsere a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, kuma sukan rage tsayin mota daga ƙasa. Motar da ke shiga unguwa mai kwazazzabai tana bukatar wannan tsayi fiye da bukatarta ga maɓalli. Lantarki taurin shokozoba kaɗai yake canzawa, ba ya ƙara wa gajiyayyen sifirin ƙarfi, ba ya kuma gyara sanƙon taya.

Malamin da ke son nuna wa ɗalibansa wannan a aji ba ya bukatar mota. Ya rataye ɗan nauyi a jikin sifirin mai laushi, ya liƙa siririn sanda a ƙasan nauyin, a ƙarshen sandan kuma ya kafa murfin kwalba. Ɗalibai su ja nauyin ƙasa su saki, su ƙirga sau nawa ya yi lilo kafin ya tsaya. Sai a maimaita murfin yana nitse cikin kofin ruwa, sa'an nan cikin man gyaɗa. Bayan haka a huda murfin da ƙusa, a riƙa ƙara huda ɗaya-ɗaya ana sake ƙirgawa, kowane rukuni yana rubuta adadin da ya samu a kan allo.