Farashin allon hasken rana ya faɗi a duniya, me ya iso El Alasan Mairairai?

A ƙauyukan kwamin ɗin El Alasan Mairairai, cikin gundumar Mayahi, kamar sauran karkarar jahar Maraɗi, allon hasken rana da jama'a ke kira pano ya daina zama baƙo. Shi ke caja wayoyi, shi ke tada famfon da ke cika shato, shi ke sanyaya allurar rigakafi a gidan likita. Wanda ya lura zai ga sababbin alluna baƙaƙe ne, tsofaffin kuwa shuɗaye. Baƙin shi ne ake kira mono. Ana narka silikon, wani sinadari da ake cirowa daga farin dutse, a jawo shi sannu sannu har ya zama dunƙule guda, sannan a yanyanka shi sirara. Cikin kashi 100 na hasken da ya sauka bisansa yana juya 20 zuwa 23 su zama wuta, alhali shuɗin bai cika wuce 18 ba.

Wannan ilimi ba sabo ba ne gare mu. Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, shi ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken hasken rana, daga 1969 zuwa 1985. Tun 1968 ma aka fara kunna telebijin na makarantu a Nijar da hasken rana. Amma a zamanin nan sai gwamnati ke iya saye. A 1977 wat guda ya kai dalar Amurka 76, wato sama da jika 18 na kuɗinmu a lokacin. A 2024, a bakin masana'anta a ƙasar Sin, wat guda ya sauko wajen tamma 60, dala goma sha biyu irin tamu ta kasuwa. Ke nan allo mai wat 500 yana barin masana'anta bisa jika 30 ko kusa da haka.

Babban dalilin faɗuwar shi ne yawa. Masana sun lura cewa duk lokacin da adadin allunan da aka ƙera a duniya ya ninka, farashi yana raguwa da wajen kashi 20 cikin 100. Sin ce ta ɗauki aikin da ƙarfi, har tana ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan. Sannan wajen 2015 aka koma yanka dunƙulen da siririyar waya mai ƙurar lu'ulu'u, ɓarna ta ragu, mono ya bar tsadarsa ya kori shuɗin daga kasuwa. Shi kansa silikon farashinsa ba ya zama wuri ɗaya: kilo ya haura dalar Amurka 400 a 2008, ya faɗi, ya sake hawa kusan 40 a 2022, sannan ya koma ƙasa da 7 a 2024. Kada a ɗauka faɗuwar ba ta da iyaka. Ana sa azurfa cikin kowane allo, ita kuwa ta yi tsada a 2024 da 2025. A watan Disamba 2024 Sin ta rage rangwamen harajin da take yi wa masu fitar da alluna daga kashi 13 zuwa 9.

To, in allo ya yi araha haka, don me manomin El Alasan Mairairai bai gani sosai a aljihunsa ba? Da fari akwai hanya. A 2017 gwamnati ta yafe kuɗin duwan bisa jerin kayan hasken rana, amma ba ta iya yafe nisa. Bayan rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke bi ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina, kwanaki suka ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru. Waɗansu ƴan kasuwa suna saro nasu daga Kano, su shigo ta Jibiya da Ɗan Isa, farashinsu yana bin hawa da saukar naira. Daga Tasawa ko Mayahi kuma sai hanyar rairai, allo kuwa gilashi ne; wanda ya fashe a mota, mai sayen na gaba ke biyan kuɗinsa.

Na biyu, kuma shi ya fi nauyi a ganinmu, allo ba ya aiki shi kaɗai. Masana'antu suna ba shi lamunin shekara 25, amma batir na darma, cikin zafin ƙasarmu, da wuya ya wuce shekara biyu ko uku. Gidan da ke son wuta da dare zai sake batir sau da yawa kafin allonsa ya tsufa. Kwamitin ruwa ya fi kowa cin moriyar arahar, domin famfo yana aiki da rana, shato ya ajiye ruwan, babu bukatar batir. A ƙasa irin wannan, inda rijiya ke da zurfi, ƙara alluna huɗu ko shida bisa famfo ya fi sauƙi yau bisa ga sayen gazuwal kullum. Sai dai a lissafa da zafi da ƙura: kowane digiri da jikin allo ya ɗara 25 yana rage masa wajen kashi 0,35 cikin 100, ƙurar hunturu kuma in ba a share ta ba tana cin nata rabo.

Akwai kuma algus. Araha ta jawo allunan da ake manna wa takarda mai lambar da ta fi ƙarfinsu. Magajin gari, ko ma'ajin kwamiti, ko malamin yaƙi da jahilci da aka aika saye, yana iya kare kuɗin jama'a da igiyar awo kawai. Allon mono mai kyau yana bada wajen wat 220 bisa faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya. In aka nuna maka mai wannan girma an rubuta masa wat 400, takardar ƙarya ce. Bayan awo, a raba kuɗin allo da yawan wat ɗinsa na gaskiya, a gwada abin da ya fito da na shago biyu ko uku a Tasawa da Maraɗi kafin a buɗe asusu.