Yadda ake kare wanda ake tuhuma da fashin mota a kotunan Amurka

A ƙasar Amurka, akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya saci mota a inda aka ajiye ta, da wanda ya ƙwace ta daga hannun mai ita da ƙarfin tsiya ko barazana. Na biyun yana cikin manyan laifuka, kuma hukuncinsa kan kama daga ɗaurin shekaru har zuwa kisa.

Sai dai kuma kama mutum a cikin motar da aka ƙwace bai isa a ɗaure shi ba. Akwai abubuwan da doka ta wajabta wa masu gabatar da ƙara su tabbatar ɗaya bayan ɗaya, ba tare da barin wata kafa ta shakka mai ma'ana ba. A kan waɗannan ne lauyoyin da ke kare waɗanda ake tuhuma suke kafa hujjojinsu.

Asalin dokar

Kafin shekarar 1992 babu wata dokar tarayya da ta keɓe wannan laifi. Abin da ya zaburar da majalisar dokokin ƙasar shi ne wani mummunan al'amari da ya faru a jihar Maryland cikin watan Satumba na shekarar, inda wasu mutane biyu suka ƙwace motar wata mata da ke ɗauke da 'yarta ƙarama. Hannun matar ya maƙale a ɗamarar kujera, suka yi ta jan ta a kan titi har rai ya yi halinsa. A watan Oktoba Shugaba George Bush babba ya sanya hannu a kan dokar.

Da farko dokar ta shafi wanda ke riƙe da bindiga ne kawai. A 1994 majalisar ta cire wannan sharaɗi, ta maye gurbinsa da wani: dole ne a nuna cewa mutumin ya yi nufin kisa ko yin mummunan rauni. Hukuncin ya kasu uku. Ɗaurin da bai wuce shekaru 15 ba idan babu wanda ya ji mummunan rauni, har shekaru 25 idan an ji, sannan ɗaurin rai da rai ko kisa idan an rasa rai.

Akwai kuma sharaɗin cewa motar ta taɓa tsallaka iyakar wata jiha ko ƙasa, domin shi ne ya bai wa gwamnatin tarayya hurumin shiga maganar. Ba kasafai lauyoyi ke ɓata lokaci a kansa ba, tun da lambar jikin mota takan nuna inda aka ƙera ta.

Niyya, inda ake fafatawa

Galibin taƙaddamar a kotunan tarayya tana kan abin da ke zuciyar wanda ake tuhuma a daidai lokacin da ya nemi motar. Lauya kan ce wanda yake karewa mota kawai yake so, bai yi nufin taɓa lafiyar kowa ba.

Kotun Ƙolin Amurka ta rage ƙarfin wannan hujja a 1999, a shari'ar wani mutum mai suna Francois Holloway, wanda aka samu da hannu a fashin motoci uku a birnin New York a 1994. Abokin aikinsa ne ke riƙe da bindigar, kuma shi ne ya ba da shaida cewa shirinsu shi ne su karɓi motocin ba tare da cutar da kowa ba, amma da direbobin sun yi gardama da ya yi harbi.

Alƙalai bakwai daga cikin tara suka ce wannan ya wadatar. Wato niyyar da aka ɗora a kan sharaɗi, irin ta "in ka hana ni zan harbe ka", ita ma niyya ce a idon doka. Mai Shari'a John Paul Stevens ne ya rubuta hukuncin, yayin da Antonin Scalia da Clarence Thomas suka ƙi amincewa.

Amma kotun ta bar ƙofa guda a buɗe. Ta ce barazanar fatar baki, wadda mai yin ta ba shi da shirin aiwatarwa, ba ta cika sharaɗin ba. Saboda haka lauyoyi ke zurfafa bincike a kan ƙananan abubuwa: shin bindigar ta gaske ce ko ta wasan yara, akwai harsashi a cikinta, an ɗora ta a jikin direban ko kuwa an nuna ta ne daga nesa, sannan me wanda ake tuhuma ya yi a lokacin da direban ya yi turjiya? Mutumin da ya ruga da gudu da aka ƙi ba shi makulli yana da abin faɗa wanda mai duka da gindin bindiga ba shi da shi. Bindigar da babu harsashi ba ta wanke mutum kai tsaye, domin kotuna sun lura cewa ana iya fasa kai da ita.

A wannan shekarar ta 1999, a shari'ar Nathaniel Jones, kotun ta yanke wani hukuncin da ya yi wa waɗanda ake tuhuma daɗi. An ɗaure Jones shekaru 25 ne bayan alƙali shi kaɗai ya yanke cewa an yi mummunan rauni. Kotun Ƙoli ta ce matakan hukuncin uku laifuka ne daban-daban, don haka dole a rubuta raunin a takardar tuhuma, a kuma tabbatar da shi a gaban masu taimaka wa alƙali yanke hukunci.

Dokokin jihohi

Da dama daga cikin irin waɗannan ƙararraki a kotunan jihohi ake sauraronsu, kuma kowace jiha da tata dokar. A Kalifoniya, inda hukuncin yake shekaru 3 ko 5 ko 9 kafin a ƙara na makami, ba a buƙatar nuna niyyar kisa ko rauni. Ya isa a nuna an karɓi motar da ƙarfi ko tsoratarwa, ko da na ɗan lokaci ne. Kazalika, cewa "ai motata ce" ba ya kuɓutar da mutum a can, domin dokar tana kare wanda motar ke hannunsa ne. Sai dai Kotun Ƙolin jihar ta ce a 2003 dole ne motar ta motsa, ko da kaɗan. In ba haka ba, laifin ya tsaya a yunƙuri, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi.

Wata hanyar kuma ita ce lauya ya nuna babu ƙarfi ko barazana sam, ko kuwa mai motar ba ya kusa da ita. Nasara a nan ba lallai ta kai ga sallama ba, amma takan mayar da tuhumar zuwa satar mota. Kotuna dai sun faɗaɗa ma'anar "kusa": a 1998 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da laifi a kan mutumin da ya ƙwace makulli a bakin teku, alhali motar tana ajiye a kan tudu.

Shaidar gani da ido

Fashin mota kan auku ne cikin 'yan daƙiƙoƙi, sau da yawa da dare, kuma idon wanda aka tsare yakan kafe ne a kan bakin bindiga, ba fuskar mai riƙe da ita ba. Ƙungiyar Innocence Project ta ce kuskuren shaidun gani da ido na da hannu a kusan kashi 70 cikin 100 na shari'o'in da gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke waɗanda aka ɗaure daga baya.

Don haka lauya kan binciki yadda 'yan sanda suka nuna wa mai motar hotuna ko suka jera masa mutane. Idan an yi abin ta yadda aka karkata hankalinsa ga mutum guda, ana iya roƙon alƙali ya yi watsi da shaidar. Hotunan kyamarorin tsaro da bayanan wayar salula kan nuna inda mutum yake a lokacin. Shi kuwa zanen yatsu a jikin mota, abin da yake nunawa shi ne an taɓa motar, ba ya faɗin yaushe.

Haka nan ana iya neman a jingine kalaman da mutum ya yi a hannun 'yan sanda idan ba a sanar da shi 'yancinsa na yin shiru da samun lauya ba, kamar yadda hukuncin Miranda na 1966 ya tanada. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, hukuma ce ke ba shi.

Amsa laifi ko zuwa shari'a

Duk da waɗannan hanyoyi, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda kotunan tarayya ke samu da laifi, amsawa suke yi bisa yarjejeniyar samun sassauci. Babban dalili a shari'ar fashin mota shi ne wata doka ta daban kan amfani da bindiga, wadda ke ƙara aƙalla shekaru 5, ko 7 idan an nuna ta, ko 10 idan an harba, a kan ainihin hukuncin. Ga baƙon da ba ɗan ƙasa ba, amsa laifin kan iya jawo kora daga Amurka, kuma tun 2010 Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauyoyi su gargaɗi waɗanda suke karewa game da hakan.

Shi kansa Holloway an yi masa tayin ɗaurin kimanin shekaru 11 zuwa 12 idan ya amsa laifi, ya ƙi. Da aka same shi da laifi sai aka yanke masa shekaru 57 da watanni 7, waɗanda 45 daga ciki na bindigar da ba shi ne ya riƙe ba.

Alƙalin da ya yanke hukuncin, John Gleeson, shi ne daga baya ya roƙi babbar mai gabatar da ƙara ta yankin, Loretta Lynch, da ta amince a soke biyu daga cikin tuhume-tuhumen bindigar. Ta amince a 2014, aka kuma saki Holloway bayan ya shafe kusan shekaru 20 a gidan yari. A 2018 majalisar ta yi wa dokar gyara, ta hana irin wannan tara hukunci mai tsanani a kan wanda ba a taɓa samu da laifin bindigar ba, sai dai gyaran bai shafi kai tsaye waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci ba.