Karin kumallo a otal-otal ɗin Disney World: kada ka biya kuɗin abin da ba za ka ci ba

Wanda ya saba sauka a otal a Accra ko Kumasi, ko ya taɓa zuwa Umra ta hannun ejan, ya san sau da yawa kuɗin ɗaki kan haɗa da shayi da burodin safe. A otal-otal ɗin Walt Disney World, kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, ba haka abin yake ba. Kuɗin ɗaki daban, na abinci daban. Gari na wayewa yara za su ce yunwa, daga nan aljihu ya fara jin jiki.

Maganar ba ta yi mana nisa kamar yadda wani zai zata ba. 'Yan zango da yawa suna zaune a unguwar Bronx ta New York da sauran biranen Amurka. Idan hutun makaranta ya zo, wasu kan kwashi iyali, har da Hajiya da ta zo ganin jikoki daga gida, a nufi Orlando. An yi wata da watanni ana tara kuɗin. An lissafa jirgi, an lissafa ɗaki, an lissafa tikitin shiga. Abinci ne ake cewa "sai mun je", kuma ta nan kuɗi ke zurarewa.

Wurin da kansa gari ne guda. An buɗe shi ranar 1 ga Oktoba, 1971, yau yana da manyan dandalin wasa huɗu, wato Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom, ga otal fiye da 20 na kamfanin. Abincin safe a waɗannan otal-otal iri uku ne. Akwai na kanta, inda za ka yi oda, ka biya, ka ɗauki tirenka ka nemi wurin zama. Akwai na zama, inda ma'aikaci zai kawo maka takardar abinci ka zaɓi faranti ɗaya. Sai na kuɗi ɗaya a ci a ƙoshi, ko dai ka ɗebo da kanka ko a yi ta kawo muku tebur. A wasu irin waɗannan na ƙarshe ne Mickey Mouse da abokansa ke zagayawa suna gaisawa da yara ana ɗaukar hoto.

To, bari mu yi ɗan lissafi irin na aji, domin farashin da ka gani a rubuce ba shi za ka biya ba. A wurin Disney, duk yaron da ya cika shekara 10 babba ne. Kuɗin yara na masu shekara 3 zuwa 9 ne kawai, wanda bai kai 3 ba kuwa kyauta yake ci daga farantin iyayensa. A ɗauki Chef Mickey's, gidan abincin da ya yi suna a otal ɗin Contemporary, inda jirgin ƙasa mai layi ɗaya ke ratsawa ta cikin ginin. Karin kumallon babba ɗaya a can ya haura dala 50. Mu ƙaddara maigida da uwargida da yara uku, masu shekara 12 da 10 da 6, mu ce babba dala 55, yaro 35, don sauƙin lissafi. Manya huɗu ke nan, dala 220, a ƙara 35, ya zama 255. Harajin saye a yankin da mafi yawan otal-otal ɗin suke kashi 6.5 cikin 100 ne, wajen dala 17. Tukuicin ma'aikaci, wanda a Amurka ba ganin dama ba ne, al'ada ce mai ƙarfi, kashi 18 zuwa 20 ne, wajen dala 46. Jimla ta kusa dala 320, kafin ƙarfe goma na safe. Idan kun kai mutum shida ma ba sai an tambaye ka ba, a cikin takardar biya za ka tarar an sa kashi 18 ɗin.

Yanzu ga abin da masu ba da shawara a intanet ba su cika faɗa ba, don ba matsalarsu ba ce. Karin kumallon Ba'amurke a kan alade aka gina shi. Siraran yankan naman alade da ake soyawa har su yi ƙaras-ƙaras, sosej, da wanda aka gasa aka yayyanka, su ne abin da ya fi tsada a kan teburin, su ne kuma suka ɗaga farashin. Baturen da ya cika faranti sau uku da su ya ci kuɗinsa. Kai kuwa da za ka tsaya kan ƙwai, dankali, burodi da kankana, kuɗinku ɗaya da shi. Wato ka taya shi biyan naman da ba za ka taɓa ba. Shi ya sa idan wani ya ce wuri kaza "ya fi araha don za ka ci iya cinka", ka fara tambayar kanka: cikin abin da aka jera, nawa ne nawa?

Kuma ba naman da ido ke gani kaɗai ba. Farar miyar nan mai kauri da ake zubawa kan ƙaramin burodi, da nikakken sosej ake yin ta. Ƙwai da aka soya da kayan haɗi sau da yawa da gutsattsarin naman alade a ciki. Sosej ɗin kaza ko na talo-talo ma a tambaya, domin akan ɗura shi cikin hanjin alade. Batun yankan kaza da talo-talon kansa kuwa, kowa ya san matsayar da yake bi, ba a nan za a warware shi ba. Inda zan yaba wa wurin shi ne ba sa ƙyashin amsa tambaya. Idan ka faɗa wa ma'aikaci akwai abin da ba ka ci, zai iya kiran mai dafa abincin ya fito ya nuna maka abin da ke cikin kowane kwano. Tun 2019 kuma suna sa alamar ganye a gefen abincin da babu nama, ƙwai ko madara a cikinsa. Ana iya neman abincin halal a gidajen zama, amma sai an sanar da su tun kafin ranar, ba a teburin ba.

Idan dai sai an ci na "ɗebi da kanka", ni a ganina Boma ne ya fi dacewa da mu. Yana cikin Animal Kingdom Lodge, otal ɗin da aka buɗe a 2001 aka ƙawata shi da kayan Afirka. Babu Mickey a can, saboda haka kuɗin babba bai kai na Chef Mickey's ba, wajen dala 40 ne. Abin da ya fi muhimmanci, rabon wanda ba ya cin alade ya fi yawa. Akwai pap, tuwon masara mai laushi irin na Afirka ta Kudu, da chakalaka, miyar tumatir da kayan lambu mai ɗan yaji da ake ci da shi. Ga mai soya ƙwai a gabanka, ka nuna masa abin da kake so ya sa da wanda ba ka so. Ga 'ya'yan itace, ga burodi kala-kala, ga lemon gwaba da lemu da ake ƙara maka cikin kuɗin. Ba koko da ƙosai ba ne, kar a yi wa Hajiya alkawarin abin da babu, amma tsohuwar da ta kwana biyu tana kallon abincin Turawa tana kau da kai za ta sami abin da harshenta ya sani.

Akwai kuma ribar ƙafa. Daga cikin Boma ba a hango dabbobi, amma in kun gama ku hau zauren otal ɗin ku fita ta baya, za ku tarar da wurin tsayawa ana kallon raƙuman dawa, jakunan dawa da shanun Ankole masu manyan ƙahoni suna kiwo. Ba a biyan ko sisi. Ba sai kana kwana a otal ɗin ba, ba kuma sai da tikitin shiga dandali ba, domin gidajen abincin otal a buɗe suke ga kowa. Don haka wannan abincin ya fi kyau a ranar hutu, ranar da ba a sayi tikiti ba.

Dalilin ke nan da ya sa lokaci ma kuɗi ne a nan. Tikitin yini ɗaya na mutum ɗaya ya haura dala 100, kuma sa'o'in farko na safe su ne layi ke da sauƙi. Masu kwana a otal-otal ɗin kamfanin ana barin su shiga minti 30 kafin sauran jama'a. Wanda ya zauna cin abinci daga ƙarfe takwas zuwa tara da rabi ya ba da wannan damar, zai iso rana ta take, layi ya miƙe. Ƙari a kan haka, motocin kamfanin ba sa tafiya kai tsaye daga otal zuwa otal, sai ka bi ta wani dandali ko ta kasuwar Disney Springs ka sake wata motar. Mai son cin abinci a otal ɗin da ba nasa ba ya ware kusan awa guda don hanya, ko ya ɗauki tasi.

Masu wayo abin da suke yi shi ne su kama tebur a ƙarshen lokacin karin kumallo, wajen goma da rabi. Da asuba a sha shayi da burodi a ɗaki, a shiga wasa, sannan a fito a ci mai nauyi. An jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan, abincin safe da na rana a kuɗin safe, wanda a gida ɗaya ya fi na dare sauƙi. Wannan ya fi yiwuwa a otal-otal uku da jirgin mai layi ɗaya ke haɗawa da Magic Kingdom, wato Contemporary, Polynesian da Grand Floridian. Daga Contemporary ma da ƙafa ake zuwa, tafiyar kamar minti goma.

A cikin Contemporary ɗin nan, ƙasa da Chef Mickey's, akwai Steakhouse 71 da aka buɗe a 2021. Faranti-faranti ake saye, kuma a nan ne maganar shekara 10 ta daina ciwo: kuɗin abin da aka yi oda kawai za a biya, yara biyu na iya raba faranti ɗaya, kai kuma ka ce a cire naman a sa maka dankali ko 'ya'yan itace. Da kuɗin mutum ɗaya a sama, mutum biyu za su ƙoshi a ƙasa.

Misalin da ya fi ba ni sha'awa yana otal ɗin Polynesian. Akwai wani burodi da ake kira Tonga Toast, mai kauri, a cusa masa ayaba, a soya, a birkiɗa shi cikin sukari da kirfa. Mutane na kama tebur a Kona Cafe tun da wuri saboda shi. Amma a bene na ƙasa, a kantar Capt. Cook's, ana sayar da shi da sauƙi sosai, babu kama wuri, babu tukuici. Miyar strawberry da ake haɗawa da shi a Kona da kuma kawo maka har tebur, su ne bambancin. Haka wainar nan mai siffar kan Mickey da yara ke kuka a kanta: kusan kowace kantar otal tana da ita, ba sai an je wurin dala 50 ba.

Ba ina cewa kar a kai yara su ga Mickey ba. Yaro ɗan shekara 5 da Mickey ya zo har teburinsa ya rungume shi, ba zai manta ba, kuma an huta da tsayawa layin hoto a cikin rana. Sai dai a san abin da ake saye. Kallo ne ake biya, abincin rakiya ya yi. A yi shi sau ɗaya a tafiyar, a yi shi da safe ba da dare ba, kuma in yaran duk sun wuce shekara 10, a tambaye su tukuna ko suna so. Sau da yawa iyaye ne ke ɗoki.

Ana fara kama tebur kwana 60 kafin ranar, ta manhajar My Disney Experience, inda kuma ake ganin jerin abinci da farashin ranar. A duba can, kar a dogara da tsohon labari. Shekaru da dama ana yabon Trail's End na Fort Wilderness a matsayin wurin ci a ƙoshi mafi sauƙi, amma a 2023 an mayar da shi kanta, har yanzu kuwa akwai masu tura mutane can. Wanda ya kama tebur bai zo ba, bai kuma soke a kan lokaci ba, za a cire masa dala 10 kan kowane mutum daga katinsa. Mai tsarin biyan abinci tun gaba da kamfanin ya dawo da shi a Janairun 2024, kar ya kashe rabonsa na abincin zama a kan faranti ɗaya na safe, ya ajiye shi don na dare da ya fi tsada.

Sauran ranakun kuwa, a ɗaki za a karya. Ɗakunan suna da ɗan firiji da na'urar dafa kofi. A tsaya a babban kanti a hanya daga filin jirgi, ko a yi oda a kawo otal: burodi, madara, ayaba, hatsin safe na kwali, ruwan gora. An yarda a shiga dandalin da abinci daga waje, ban da kwalba da giya, kuma kowace kanta za ta ba ka kofin ruwan sanyi kyauta in ka roƙa. Mai tahowa daga gida kuma ya bar kilishinsa a gida. Kwastan na Amurka ba sa barin a shigo da irin wannan nama, kuma duk abincin da ke cikin jaka dole a bayyana shi a filin jirgi.