Sassaben Zamani: Bishiyar da Manomi Ya Mallaka Ita Ce Ke Rayuwa

A shekarar 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi, wadda aka tsara za ta ratsa yankin Sahel daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kilomita kusan 8,000. Burin shirin shi ne a farfaɗo da hekta miliyan 100 na ƙasar da ta gaji, a kuma samar da ayyukan yi miliyan 10 kafin 2030. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta duba inda aka kwana a 2020, sai ta tarar hekta miliyan 4 kacal aka gyara a yankin da aka shata. A Janairun 2021 masu ba da tallafi suka yi alkawarin fiye da dala biliyan 14 a birnin Paris. Kuɗi na da muhimmanci, amma a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Tambayar da ta fi nauyi ita ce: bishiyar da aka raya, ta wace ce? Amsarta ce ke nuna ko shirin jure wa sauyin yanayi zai haifi sana'a mai ɗorewa, ko kuwa aikin ƙodago na kwana biyu.

Hujjar tana kudancin Nijar. Bayan farin shekarun 1970, gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, iska na binne shukar gero da rairayi har sai manomi ya maimaita shuka. An yi ta dashen itatuwa, akasarinsu suka mutu. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa lokacin sharar gona toho ne daga kututturan bishiyoyi masu rai, waɗanda saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa. Dabarar ba ta da tsada: manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi da wuta. Manoma suka kira ta sassaben zamani, ta yaɗu daga gona zuwa gona har Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka raya bishiyoyi kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, hatsin da ake girbewa kuma ya ƙaru da kimanin tan 500,000 a shekara.

Sai dai wuƙar datsa kaɗai ba ta isa ba. Tun zamanin mulkin Faransa doka ta mai da bishiyoyi mallakar gwamnati, ma'aikacin gandun daji na iya cin tarar mutum kan reshen da ya sara a gonarsa. Wa zai yi wahalar renon abin da zai jawo masa tara? Da hukumomi suka sassauta, aka kafa dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004, manomi ya fara kallon bishiya a matsayin dukiyarsa. Gawo ya ishe mu misali. Da damina yakan zubar da ganyensa, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani sai ya yi kore, ya ba da inuwa, 'ya'yansa su zama abincin awaki da tumaki a lokacin da ciyawa ta ƙare. Kalgo da sabara na ba da itacen girki ba tare da an kashe uwar ba. Daga nan sana'o'i ke tsirowa: mai sayar da itace da 'ya'yan gawo, mai kiwon turke, matan da ke daka kuka da tatsar man aduwa, mai amalanken da ke kai kaya kasuwa.

Wani zai ce ai ruwan sama ne ya dawo bayan shekarun fari, bishiyoyi suka fito da kansu. Gaskiya ne damina ta ɗan gyaru, amma hotunan tauraron ɗan'adam da aka kwatanta a bakin iyaka sun nuna gonakin ɓangaren Nijar sun fi na ɓangaren Najeriya yawan bishiyoyi, alhali ƙasa iri ɗaya ce, ruwa ma kusan ɗaya. Bambancin yana hannun mutane da dokokinsu. Wani kuma zai ce wannan ba aikin yi ba ne, tunda babu albashi. A ƙasashen da mafi yawan jama'a ke cin abinci daga gona da kasuwa, aiki shi ne abin da ke kawo kuɗin shiga da rani, ya hana saurayi tafiya cirani dole. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na makiyaya da mata, domin idan bishiya ta zama ta mai gona, wanda ba shi da gona na iya rasa reshen da ya saba samu. Wannan haɗari ne na gaske, maganinsa kuma shi ne kwamitocin ƙauye da ke zama da manomi da makiyayi da mata su tsara lokacin sara da kiwo, kamar yadda aka yi a Ɗan Saga da ke yankin Agye.

Najeriya na da hukumar Babbar Ganuwa da ke aiki a jihohi 11 na arewa. Maimakon auna nasara da yawan tsirran da aka dasa ranar biki, ya kamata a ƙirga waɗanda suka kai shekara uku da rai. Jihohi su rubuta a doka cewa bishiyar da manomi ya rena tasa ce. Kuɗin tallafi kuma a zuba shi wajen horar da malaman gona, da sarrafa ƙaro da zogale da man aduwa a gida, da gyaran hanyoyin kasuwa, domin a nan ne ayyukan matasa za su yawaita. Idan manomin Jigawa ko Yobe ya tabbata cewa amfanin gawon gonarsa zai shiga aljihunsa, zai tsare shi fiye da kowane ma'aikacin gandun daji.