Raunin Ƙafar Doki: Kafin Ka Ɗauko Baƙin Mai

Doki ya dawo daga kilisa yana ɗingishi, jini na bin ƙafarsa har kofato. Gefen kwanon rufi ne ya yanke shi, ko wayar shinge, ko wani ingarma ya harbe shi a turke. Kafin a sauke sirdi barga ta cika da likitoci: wannan ya ce a kawo baƙin mai, wancan ya ce toka, wani har ya fasa kafso yana jira. Sau da yawa abin da aka yi a wannan rabin awar ya fi yankan kansa lalata ƙafar.

A fara da jinin, tunda shi ke tayar da hankali. Dokin da ya kai kilo 400 yana da jini wajen lita 30 a jikinsa, don haka abin da ya jiƙa ƙasa bai kai yadda ido ke gani ba. Mutum ɗaya ya riƙe ragama yana lallashi, wani ya ninke tsumma mai tsabta ya danne wurin da ƙarfi minti goma, ban da ɗagawa ana leƙe. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Cire na farkon yana ɓalle gudan jinin da ya fara toshe jijiyar. Masu ɗaure ƙafa tam da roba su tafi sabgarsu kuwa, naman ƙasa suke kashewa.

Jini na tsayawa, a duba inda raunin yake. Babban yanka a cinya, inda nama yake, yakan warke sumul. Amma daga gwiwa zuwa kofato doki ba shi da tsoka. Fata ce kawai a kan ƙashi da jijiyoyi. Huda ƙarama kamar ta ƙusa a kusa da gaɓa ta fi yanka mai tsawon taƙi haɗari. In ka ga wani ruwa rawaya-rawaya mai yauƙi yana tsattsafowa, ruwan gaɓa ne, kuma da zarar ƙwayar cuta ta shiga ciki dokin na iya gurguncewa har abada. Haka in gaɓar saman kofato ta sauko kusa da ƙasa, ko bakin kofaton ya ɗago sama, jijiya ce ta tsinke. Wannan ya wuce aikin barga. A kira likitan dabbobi nan take, domin ɗinki ya fi kamawa cikin awa shida zuwa takwas na farko.

Wankin raunin ba ya son tsada. A tafasa ruwa ya huce, a zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a kowace rabin lita, a riƙa fesawa da babban sirinji marar allura har ƙasa da gashi su fita. Baƙin mai, kananzir da ruwan batir ƙona sabon nama suke yi. Toka da kashin shanu kuma datti suke ƙarawa. Cikin abin da kakanni suka bar mana, zuma ce likitoci ma suke sa wa rauni, muddin tsantsarta ce, ba ta haɗin sukari ba.

A ɗauri ne ake yawan kuskure. Hawa uku ake yi: gozi mai tsabta a kan raunin, sai auduga mai kauri ta zagaye ƙafar gaba ɗaya, sannan bandeji a waje, kowane zagaye ya rufe rabin na baya. Bandeji kai tsaye a kan fata, ba auduga, yana matse jijiyar bayan ƙafa ya bar ta da kumburin da ya fi raunin daɗewa. Ranakun farko a canja kullum, daga baya duk kwana biyu ko uku, kuma nan take in ya jiƙe ko ya zame. A ware dokin a wuri busasshe, a riƙa kwashe kashi saboda ƙuda. Kuma mai doki ya haƙura da hawa, ko da Hawan Daushe ne gobe.

Bayan mako ɗaya ko biyu za ka iya ganin jan nama ya tsiro ya yi tudu ya wuce fata. Wasu na murna wai rauni ya cike. A gaskiya muddin tudun na nan fata ba za ta haɗe ba, sai likita ya yanke shi. Zai zubar da jini sosai, amma ba jijiyar jin zafi a cikinsa.

Saura tetanus, mai sarƙe haƙora. Doki na cikin dabbobin da suka fi saurin kamuwa da ita, kuma ƙwayarta na zaune a ƙasa da cikin kashin dokin kansa. Duk dokin da ba a yi wa rigakafi ba, a yi masa allurar kariya ranar da ya ji raunin, kada a jira alama. Alamar takan zo bayan mako ɗaya zuwa uku, lokacin da kowa ya saki jiki: ƙafafu su sandare, kunnuwa su miƙe, wutsiya ta ɗago, wata fata ta riƙa rufo ido daga gefen hanci, harawa na gabansa ya kasa tauna. Yawancin dawakin da suka kai nan ba sa tashi.