Yoyon Ruwa a Gida: Tsakanin Takaful da Lamunin Mai Sakaci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, yawaitar benaye da tankunan sama da bututun da ake binnewa cikin bango ta kawo mas'alar da ke bukatar nazarin fiƙihu. Bututu kan fashe da dare, ruwa ya lalata silin da kayan ɗaki, wani lokaci har ya gangara wa mazaunin ƙasa. Shin ya halatta Musulmi ya yi wa gidansa inshorar irin wannan ɓarna? Idan kuma ta auku, wa zai biya?

Hukuncin inshora

Ibn Abidin, wanda ya rasu a shekarar 1252 bayan Hijira, yana cikin malaman farko da suka tattauna inshorar kayan jiragen ruwa, bai kuwa halatta karɓar diyyarta ba, domin lazimta wa mutum abin da Shari'a ba ta lazimta masa ba ne. A shekarar 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta yanke a ƙuduri na 9 cewa inshorar kasuwanci haramun ce saboda garari mai yawa: mai biya bai san ko zai karɓi wani abu ba, kamfani kuma bai san nawa zai biya ba. Shehu Mustafa Zarƙa ya saɓa wa wannan ra'ayi, yana ganin amincin da mutum ke samu shi ne abin da ya saya, sai dai jumhurun malaman zamani ba su bi shi ba.

Madadin da majalisar ta amince da shi shi ne inshorar taimakekeniya, wato takaful. Mahalarta suna zuba kuɗi a asusu da niyyar tabarru'i, kamfani kuma wakili ne mai karɓar ladan aiki. A mazhabar Malikiyya garari ba ya ɓata kyauta kamar yadda yake ɓata ciniki, kamar yadda Imam Ƙarafi ya bayyana. An kafa kamfanin farko na wannan tsari a Sudan a 1979, a Nijeriya kuma hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013.

Fashewar bagatatan da yoyon sakaci

Galibin yarjejeniyoyin inshorar gida suna biyan ɓarnar ruwan da ta auku bagatatan, amma ba sa biyan wadda ta taru sannu a hankali saboda rashin gyara. Wasu na ɗaukar wannan sharaɗi a matsayin dabarar guje wa biya, alhali yana da asali a fiƙihu, inda aka bambance annobar da ba hannun mutum a cikinta da ɓarnar da sakaci ya haifar.

Wanda bututunsa mai lafiya ya fashe ba zato, musiba ce ta same shi, dominsa aka kafa asusun. Wanda kuwa ya ga danshi na cin bango wata da watanni, aka yi masa magana ya yi biris har silin ɗin maƙwabcinsa ya rufta, wannan mai sakaci ne, lamunin abin da ya lalace yana wuyansa. Wannan ya yi kama da abin da malamai suka faɗa kan katangar da ta karkata, aka gargaɗi mai ita bai gyara ba har ta faɗa wa wani. Haka nan gyaran bututun gidan haya a asali yana kan mai gida, ɗan haya kuwa amintacce ne, ba ya biya sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci.

Kammalawa

Takaful ba lasisin sakaci ba ne. Wanda ya ɓoye tsohon yoyo ya ce fashewar jiya ce, ko ya haɗa baki da mai gyaran famfo aka ƙara kuɗin gyara, ba kamfani ya cuta ba. Dukiyar 'yan uwansa mahalarta ya ci da ɓarna. Ya wajaba mai shiga ya karanta sharuɗɗa, ya faɗi gaskiyar halin gidansa, ya gaggauta gyara da sanarwa. Allah ne Mafi sani.